Hoto Garau a Talabijin: Kuɗin Wata Ke Kawo Shi Ko Eriyar Kan Rufi?

Tun da kuɗin wata na kamfanonin talabijin ya kama hawa ba sauka, tallar wata 'yar eriya ta cika Facebook da TikTok. An rangaɗa HD ko 4K a jikin kwalinta, mai talla kuma yana rantsuwa cewa da ka maƙala ta a bayan talabijin kun yi hannun riga da biyan kuɗi, tashoshi za su zubo maka bila adadin, hoto tar. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Tana da tushe, amma tushen a Amurka yake da wasu ƙasashen Turai, kuma abin da ya sa ta zama gaskiya a can har yau bai samu ba a yawancin garuruwanmu. Kafin a kai nan sai an fara sanin mene ne HD ɗin, domin da masu talla da masu saye, da yawa ambatonsa kawai suke yi.

Hoton da ke kan allon talabijin tarin ƙananan ɗige-ɗige ne da aka jera layi-layi. Tsohon tsarin da muka tashi da shi, wanda ake kira PAL, layi 576 yake nunawa daga sama zuwa ƙasa. Da aka mai da shi dijital, kowane layi ya ɗauki ɗigo 720, jimla ɗigo dubu 414 da 'yan kai. Shi ne SD. HD kuwa hawa biyu ne: ƙarami mai layi 720, kowane layi da ɗigo 1280, wato kusan dubu 922, sai babba mai layi 1080 da ɗigo 1920, wanda ya haura miliyan 2. Ka ga ke nan babban HD ya ninka SD sau biyar. 4K ya sake ninka wannan sau huɗu, amma a ajiye shi gefe, don tashoshin da ke watsa shi ko a ƙasashen masu kuɗi ba su taka kara sun karya ba.

Lissafin ɗigon nan shi kowa ke riƙewa, alhali rabin labarin ne. Hoton 1080 ɗanye, yadda yake fitowa daga kyamarar situdiyo, yana cin kusan megabit 1,500 a kowane sakan (megabit ma'aunin yawan bayanan da ake turawa ne). Babu tashar da ke da hanyar da za ta ɗauko wannan nauyi zuwa gidanka. Dole a matse shi har ya koma megabit 5 zuwa 10, a zubar da mafi yawan bayanan, a bar iya abin da ido ba zai gane an taɓa ba. Dabarar ita ce, maimakon a aiko da cikakken hoto sau 25 a sakan, sai a riƙa aiko da cikakke jefi-jefi, a tsakani kuma a aiko da abin da ya motsa kaɗai. Mai karanta labarai yana zaune ne, bangon bayansa ba ya motsi, bakinsa da idonsa kaɗai ke aiki, don haka ko an matse shi sosai zai fito sumul. Ƙwallo fa? Kyamara na bin ta a guje, ciyawa na wucewa, dubban 'yan kallo na tsalle, komai na canzawa lokaci guda. A nan asirin matsewa ke tonuwa: ciyawar ta dame ta koma kore kawai, hoton ya farfashe gida-gida, lambar rigar ɗan wasa ta dushe sai kyamara ta tsaya sannan ta dawo. Tashoshi biyu za su iya cewa duk 1080 suke watsawa, kuma babu wadda ta yi ƙarya, amma ɗaya ta ba hotonta megabit 9, ɗaya ta ba shi 3. Idonka zai raba gardama.

Abin da ke sa wata tasha ta matse fiye da wata shi ne ƙarancin wuri. Kowane zangon watsa shiri da hukuma ke bayarwa yana da iyakar abin da zai ɗauka. A tsarin DVB-T2, wanda Najeriya da mafi yawan ƙasashen Afirka suka zaɓa don watsawa daga turke, wato dogon ƙarfen watsa shiri, zuwa eriya, zango ɗaya mai faɗin megahaz 8 yana ɗaukar kimanin megabit 40 idan an ƙure shi, ƙasa da haka idan an saita shi don ya kai nesa ko ya ratsa bango. Tamkar motar tasha ce: kujeru ba sa ƙaruwa, direba ne zai zaɓa ko ya ɗauki mutum kaɗan kowa ya miƙe ƙafa, ko ya yi lodi har gaba a tafi a takure. Zango ɗaya zai ɗauki tashoshin HD biyar ko shida, ko kuma na SD ashirin da wani abu. Kamfanin da ke tallar yawan tashoshinsa ta eriya, ba sai an faɗa maka wanne ya zaɓa ba.

Fasahar matsewar ma hawa-hawa ce. MPEG-2 ta shekarun 1990 ita ce tsohuwa. MPEG-4 ta zo tana ba da irin wannan hoto da kusan rabin wurin, HEVC ta sake ragewa. Matsalar ita ce tsohuwar dikoda ba ta iya karanta sabon tsari, don haka kamfani ba zai sauya ba sai jama'a sun sauya akwatunansu, jama'a kuwa ba sa yar da dikodar da ke aiki.

To, a koma Amurka inda zancen ya samo asali. A can kebul waya ce ta gaske, wadda aka binne a ƙasa ko aka rataya a turakun titi ta shigo har falo. Manyan tashoshin ƙasar irin su ABC da CBS da Fox kuma suna da turken watsa shiri a birane, kyauta ga duk mai eriya. Ranar 12 ga Yunin 2009 manyan tashoshin ƙasar suka kashe tsohon tsarin analog suka koma dijital a tsarinsu na ATSC, inda kowace tasha ke riƙe da zangonta mai ɗaukar megabit 19 da ɗoriya. Kamfanin kebul yakan karɓi hoton nan ne ya tura shi cikin wayarsa tare da ɗaruruwan tashoshi da intanet, kuma sau da yawa sai ya ƙara matse shi don wuri ya isa. Shi ya sa mai eriya ya kan samu hoton yadda tashar ta sake shi, mai biyan kuɗi kuma ya samu wanda aka sake tatsa. Ga shi kuma da yawa daga manyan wasannin ƙwallon Amurka, har da wasan ƙarshe na Super Bowl, a waɗannan tashoshi na kyauta ake nuna su. Mutumin da labarai da wasan ƙarshen mako kaɗai suka dame shi, in ya yanke kebul ya kafa eriya bai yi asarar komai ba. Ko a can ɗin ma ratar ta ragu, don tashoshin sun gano za su iya tsaga zangonsu su cusa ƙananan tashoshi masu kawo talla, sai babban hoton ya rage ƙiba. A Ingila kuwa, wadda ta fara amfani da DVB-T2 a ƙarshen 2009, mai eriya na kallon BBC da ITV a HD, har Gasar Cin Kofin Duniya, kodayake akwai kuɗin lasisin talabijin da ake biya duk shekara. Amma wasannin Firimiya kai tsaye, ko a Landan sai mutum ya biya kamfani.

A wajenmu lamarin ya sha bamban tun daga tushe. Ba a taɓa shimfiɗa wayar talabijin gida-gida a Kano ko Kaduna ko Sakkwato yadda aka yi a Amurka ba. Duk abin da muke biya wa kuɗin wata ta iska yake zuwa. DStv, wadda kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya fara a 1995, ta dish take zuwa daga tauraron ɗan adam. GOtv, ƙanwarta da aka fara a 2011, ta eriya take zuwa daga turke. StarTimes, kamfanin ƙasar Sin da ya shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, yana da na eriya yana da na dish. A ɗaya ɓangaren kuma akwai dish na kyauta, wanda da ka sayi resiba aka saita maka shi ke nan. Saboda haka raba lamarin gida biyu, a ce nan kuɗi can eriya, ba ya aiki a nan: akwai eriyar da ake biya wa kuɗi, akwai dish ɗin da ba a biya. Tambayoyi biyu ne daban. Ta wace hanya hoton ke zuwa? Sannan, a buɗe yake ko a kulle?

Ɗauki eriya zalla tukuna, babu dikodar kamfani. Abin da za ta kamo ya dogara ne kacokan kan abin da turken garinku ke fitarwa, kuma nan gizo ke saƙar. A 2006 aka cimma yarjejeniya a Janiba ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya cewa ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya su bar analog su koma dijital kafin 17 ga Yunin 2015. Najeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012, ya wuce. Na 2015 ya wuce. Aka sa 2017, shi ma ya wuce, alhali Ruwanda da Tanzaniya da Kenya sun gama nasu. A ƙarshen Afrilun 2016 aka ƙaddamar da gwaji a Jos da sunan FreeTV, sai Abuja a Disamban shekarar, Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Daga nan aka yi shiru na shekara uku, sai 2021 aka je Legas a Afrilu, Kano a Nuwamba. Jihohi 36 ne da Abuja, a lissafa a gani. Kuma ƙaddamarwa daban, kashe analog daban. A jihohi da dama NTA da gidan talabijin na jiha suna nan kan tsohon tsarinsu, analog kuwa ba ya ɗaukar HD ko da eriyar zinare aka kafa masa. Inda FreeTV ta isa ma, sai da akwatinta ake kallo, kuma an gina tsarin ne don tashoshi su yawaita, ba don hoto ya yi kaifi ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Babban dalilin da ya sa duniya ta matsa a bar analog ba son a faranta wa mai kallo ba ne, son a kwashe zangunan ne a ba kamfanonin waya su yi intanet da su. Zangunan megahaz 700 da 800, waɗanda a da na talabijin ne, can suka koma. A 2015 Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta sayar wa MTN wani yanki na zangon 700 a kan naira biliyan 34 don a samu kuɗin aikin sauyin. Abin da ya rage wa talabijin na turke shi ne daga megahaz 470 zuwa 694, kuma a cikinsa FreeTV da GOtv da StarTimes ke rabo. Wuri ya ƙara ƙanƙancewa ke nan a daidai lokacin da HD ke neman fili. Ba mamaki a 2025 NBC ta sanar da haɗa kai da kamfanin tauraron ɗan adam na gwamnati, NIGCOMSAT, don a ƙarasa sauyin ta sama maimakon jiran a kafa turke a kowace jiha. A ganina wannan amincewa ce a fakaice cewa hanyar turke ta gaza, kuma duk wanda ke sa ran HD kyauta daga eriya a garinsu, ya kamata ya karanta wannan sanarwar da kyau.

Ita kanta eriyar, babu wata aba wai ita eriyar HD. Eriya ƙarfe ce da aka yanka daidai da tsawon igiyar siginar da ake so ta kama, ba ta san ko hoton da ke cikin siginar SD ne ko HD ko analog ba. Wadda muka saba gani a kan rufi, mai sanda da haƙarƙari, wasu masana biyu ne na ƙasar Jafan, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro ta tun 1926, kuma har gobe tana gaban yawancin na cikin ɗaki. Abin da ke mata amfani shi ne tsawo, da fuskantar turke, da rashin shamaki. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano da Jigawa ta fi sauƙi, wanda kuwa dutse ya tare shi a Jos ko gefen Abuja zai sha wuya ko da turken na kusa. Rufin kwano na kashe sigina, shi ya sa eriyar ɗaki ke ba mutane haushi. Busta kuma, wadda ake ɗauka maganin komai ce, ƙara ƙarfin abin da ya shigo kawai take yi, da mai kyau da hayaniya, kuma in kana kusa da turke tana iya cika dikoda har hoton ya ɗauke. Sau da yawa laifin na waya ne: an haɗa guntaye an naɗe da leda, ruwan damina ya shiga ya ci jan ƙarfen. Waya guda mai kyau irin RG6, babu gami, ta fi busta amfani.

Dijital na da wani hali da ya saɓa wa abin da muka sani. A zamanin analog in sigina ta yi rauni hoto yakan yi dishi-dishi da yayyafi, amma ana kallo a haka, yaro na kan katanga yana juya gora ana ce masa ya yi, a'a koma baya kaɗan. Dijital ba ta da tsaka-tsaki. Muddin siginar ta haye wani mizani, hoton cikakke ne, in ta faɗo ƙasa da shi sai ya daskare, ya kakkarye, ya ɗauke. Wanda siginarsa ke kan kashi 65 da wanda tasa ke kan 95, hoto iri ɗaya suke gani. Na biyun ya fi na farko ne kawai ranar da yanayi ya ɓaci. Saboda haka sayen eriya mai tsada ba zai ƙara wa hoton da ya riga ya tsaya kaifi ba.

Dish ya fi turke fili nesa ba kusa ba. Tauraron yana can sama kimanin kilomita 35,786, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa ake saita dish sau ɗaya a ɗaure. Tauraro guda na ɗauke da zanguna da yawa, kowanne na ɗaukar abin da ya kai ko ya fi zangon turke, kuma siginarsa na sauka a birni da ƙauye ba bambanci. Wannan ne ya sa kusan duk HD na gaske da ake kallo a Arewa ta dish yake zuwa, da na kuɗi da na kyauta. Masu manyan dish da ke kamo Nilesat da Arabsat sun daɗe suna kallon tashoshin Larabawa a HD ba tare da biyan ko sisi ba, har da tashoshin da ke nuna Masallacin Harami da na Madina dare da rana. Sharaɗin shi ne resibar ta zama mai karanta DVB-S2, wato sabon tsarin watsawa ta tauraro, da MPEG-4. Tsohuwar resiba takan kamo sunan tashar, wani lokaci har da murya, amma allo baƙi.

Sai dai mai dish na kyauta zai lura cewa yawancin tashoshinmu na Hausa, na wa'azi da na fina-finai, hotonsu bai kai na Larabawan ba. Ba laifin resibarsa ba ne. Tashar hayar wuri take yi a tauraron, da dala ake biya, gwargwadon megabit ɗin da ta karɓa. Ƙaramar tasha da ke rayuwa da tallar maganin gargajiya da gudummawar bayin Allah, mafi ƙanƙantar wuri za ta kama. Wani lokaci kuma matsalar daga kayan ne. Tsofaffin fina-finan Kannywood da aka fitar a faifan VCD ɗigo 352 ne a layi 288, ko SD ba su kai ba. Ko a wace tasha aka saka su, ko da tambarin HD na ƙyalli a kusurwar allo, miƙa hoton kawai aka yi ya cika wuri. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba tun farko, babu na'urar gida da za ta dawo da shi.

To me mutum ke saye in ya biya kuɗin wata? Mabuɗi yake saye. Siginar DStv na sauka a kan rufin wanda ya biya da wanda bai biya ba, a kulle take, kati ko dikoda ke buɗewa, ranar da kuɗi ya ƙare kuma lambar kulle ta E16 ta bayyana a allo. Abin da aka kulle ɗin shi ne haƙƙin nuna Firimiya da Gasar Zakarun Turai da sababbin fina-finai, waɗanda kamfanin ya saya da kuɗin waje. Gaskiya ne manyan tashoshin wasanninsa na dish suna zuwa a HD mai kyau, domin ya san ƙwallo ce ke riƙe masa jama'a, yana ba ta wuri. Amma wannan zaɓin kamfani ne, ba wai biyan kuɗi ne ke haifar da kaifin hoto ba. Shaida ita ce mai biyan kuɗin ƙunshin eriya: yana biya duk wata, amma yawancin abin da yake kallo SD ne, saboda lodin da aka yi wa zangon.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A Maris ɗin 2025 ƙunshin Premium na DStv ya kai naira 44,500 a wata, Compact 19,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000 a lokacin. MultiChoice da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu. Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne kwanakin na tafiya ko da wuta ko babu, shi ya sa tsarin biyan kwana ko mako da StarTimes ya kawo ya samu karɓuwa. Wasu kuma sun koma resibobin da ke buɗe tashoshin kulle ta intanet. Wannan satar fasaha ce a doka, kuma an san halinsu, sun fi ɗaukewa a ranar babban wasa. A Nijar da Chadi da Kamaru, inda Canal+ na Faransa ke riƙe da kasuwar, lissafin bai canza ba, kuma tun Satumban 2025 da Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice, kusan uwa ɗaya ce ke shayar da ɓangarorin biyu na iyaka.

Dish na da nasa rauni, kowa ya san shi a watan Agusta. Ƙananan dish suna aiki ne a zangon Ku, wajen gigahaz 11 zuwa 12, inda tsawon igiyar siginar bai kai santimita uku ba, ɗigon ruwan sama mai ƙarfi kuwa na shanye ta yana warwatsa ta. Shi ya sa hoto kan ɗauke tun hadari na haɗowa, kafin ruwa ya sauka a unguwarku, domin siginar ta cikin gajimaren take ratsowa. Dish mai faɗin santimita 90 ya fi mai 60 juriya, kuma wanda aka saita daidai aka ɗaure tamau ya fi wanda iskar farkon damina ta ɗan karkatar. Eriyar turke ba ruwanta da ruwan sama sosai, don igiyar siginarta ta fi ta dish tsawo nesa ba kusa ba. A nan kam ta yi wa dish fintinkau.

Duk wannan bayani a waje yake. A cikin falo kuma ake asarar HD fiye da ko'ina, kuma a banza. Gidaje da yawa suna da dikodar HD, suna da talabijin na bango, suna biyan kuɗi, amma abin da ya haɗa dikodar da talabijin ita ce wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Rawayar ce ke ɗaukar hoto, kuma ba ta iya wuce layi 576. Duk abin da aka biya a nan yake tsayawa. Wayar HDMI ce kaɗai za ta kai shi, kuma ba sai mai tsada ba, ta ɗan kuɗi kaɗan ma in gajeriya ce aikinsu ɗaya. Bayan an sa ta sai a shiga saitin dikoda a tabbatar an ɗora fitar hoton a kan 1080, don wasu a kan 576 ake barinsu.

Talabijin ɗin ma a duba shi. Yawancin masu inci 32 da ke kasuwa ɗigo 1366 ne a layi 768, ba su kai cikakken 1080 ba. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, saboda ido ma na da iyaka: kafin mutum ya ga cikakken amfanin 1080 sai ya zauna a tazarar da ba ta wuce tsayin allon sau uku ba, wato kimanin mita ɗaya da kwata ga inci 32, mita biyu da 'yan kai ga inci 55. Wanda ke zaune mita uku daga ƙaramin talabijin, da 720 da 1080 duk ɗaya ne a wajensa. Akasin haka ma gaskiya ne, babban allo tona asirin SD yake yi. Mutum zai sayi inci 55 ya haɗa da dikodar eriya, ya ga hoton ya fi muni a kan na tsohon talabijin ɗinsa, ya ɗauka an cuce shi a kasuwa, alhali ɗigo dubu 414 ne aka shimfiɗa a fili mai faɗi. Masu sayen na hannu kuma su kula: talabijin da aka kawo daga Amurka na'urar kamun tasharsa ta ATSC ce, ba za ta kamo dijital ɗin nan ba, tsofaffin na Turai kuma da yawa DVB-T ne na farko, ba T2 ba. Za su yi aiki da dikoda, amma ba da eriya kai tsaye ba.

Intanet hanya ce ta daban da ke buƙatar nata bayanin, abu ɗaya kawai zan ce: HD mai megabit 6 na cin kusan gigabait 2.7 a awa, wasa ɗaya ya haura gigabait 5. A lissafa da kuɗin data kafin a ce an tsere wa kuɗin wata.

In aka tambaye ni, sai in ce a fara da abin da gidan ke kallo. Gidan da wa'azi da labarai da shirye-shiryen Hausa irin na Arewa24 suka wadatar, dish na kyauta da resiba ta zamani sun ishe shi, kuɗi sau ɗaya ne. Mai son labaran jiharsa daga irin su ARTV ta Kano ko NTA ta garinsu ya ƙara da eriyar kan rufi, ba don HD ba, don tashar gida. Wanda zuciyarsa ke kan ƙwallon Turai kuwa ba shi da mafita ta halal sai biya, kuma in zai biya don kaifin hoto ne, to ya biya na dish, kada ya biya na eriya yana jiran abin da zangon ba zai ɗauka ba.

Inda HD ya fi cancantar kuɗinsa shi ne gidan kallo, domin allon babba ne, abin kallon ƙwallo ce, kuma mutum hamsin ko ɗari ke raba nauyin kuɗin. Abin takaici, a nan ne kuma aka fi lalata shi. Don a raba hoton dikoda ɗaya zuwa talabijin uku ko huɗu, sai a bi ta wayar eriya ko mai kai uku, kowane allo ya samu SD mai rauni. Akwai ƙaramar na'urar raba HDMI da ke yin aikin ba tare da rage komai ba. Wayar HDMI dai takan fara gardama in ta wuce mita 10 zuwa 15, don haka allon da ke can ƙarshen rumfa sai a kai masa ta na'urar da ke tura hoton cikin wayar intanet irin Cat6, wadda ke kai mita 50 ko fiye ba tare da hoton ya canza ba.